Tsohuwa Mai Muciya

A duk unguwar Nyalenda ta birnin Kisumu babu wanda bai san Obiero da bakinsa ba. Ɗan acaɓa ne, ya doshi arba'in, kuma daga tashar babura har bakin tafki babu abin da Allah ya halitta ko mutum ya ƙera da ba shi da ra'ayi a kansa. A wurinsa shan shayi da zafinsa rashin tarbiyya ne, sai ya huce ya yi yana sannan ya cancanci sunan. Safa kuwa yaudara ce da masu sayar da takalmi suka ƙirƙiro. Wanda ya ci kifi ya bar kan, a cewarsa, bai kamata a ba shi aure ba. Fasinjan da ya hau bayansa sai dai ya yi haƙuri, don wa'azin ba ya ƙarewa sai an isa.

Amma inda bakin nan ya fi samun fili shi ne shagon gem, wato wasan bidiyo, na Madam Awino, ɗaki ɗaya na kwano a bayan masu soya kifi. Na'ura biyu ce a ciki. Ta gaba sabuwa ce, da babbar talabijin, da jajayen kujerun roba uku a gabanta, waɗanda ba mai zama a kansu sai mutum ukun da ke wakiltar unguwa idan za a kara da wata unguwar. Ta lungu ta tsufa, tana ɗaukar zafi kamar dutsen guga, an ɗora ta a kan bulo, kuma 'yan makaranta ne ke cunkushewa a ɗan bencin da ke gabanta. Tun da aka buɗe shagon ɗaya daga cikin jajayen kujerun ta Obiero ce, kuma yana ji da ita fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Wasan faɗa suke bugawa, kowa ya zaɓi gwaninsa a gwabza. Obiero bai bar ko ɗaya daga cikin gwanayen nan da mutuncinsa ba.

“Wannan mai yawo ba riga a cikin ƙanƙara,” in ji shi, “ba jarumi ba ne, maraya ne. Da yana da uwa da ta jefo masa rigar sanyi.”

“To mai rufe fuskar fa, Baba Obiero?” Samari sukan tsokane shi da gangan.

“Ƙuraje ne da shi. Wancan na ƙarfen kuma firiji ne da ya yi fushi. Dukkansu ba mai sana'a. Ku dube su da kyau, akwai wanda ya yi muku kama da wanda ya taɓa share tsakar gida?”

Mutum ɗaya ce ta tsira daga bakinsa. A kusurwar hagu ta ƙasan allon akwai wata tsohuwa mai ɗan doro, da sanda a hannu. Kowa ya san sanda ce, amma Obiero ya rantse muciya ce, ya ce tana tsakar tuƙa ugali, tuwon masararsu, aka kira ta, shi ya sa kullum ranta a ɓace. Tafiyarta a hankali, tsallenta bai kai na kaza ba. Sai dai idan ta samu mutum da muciyar nan sau ɗaya, ya ji a jikinsa. Obiero bai taɓa zaɓar wani ba sai ita, kuma ban da shi babu mai zaɓarta.

Ranar Laraba da la'asar Awino ta ajiye tsintsiya ta sanar da su. Masu wasan sun fito da sabon zubi, kuma gasar da za a yi da 'yan unguwar Kondele ranar Asabar da sabon za a buga. Dole a jona wayar intanet a sabunta na'urorin.

Ogweno, ɗan baffan Obiero kuma kyaftin ɗin jajayen kujeru, ya ɗago daga wayarsa yana danne dariya. “Yaya, ka yi haƙuri. Sun cire kakarka.”

“Sun cire ta ina?”

“Daga wasan. Sun ce a duniya kaf ba a zaɓarta.”

“Ni ba a duniya nake ba? Wa ya zo Kisumu ya tambaye ni?”

Aka kwashe da dariya. Obiero bai yi ba. Ya tashi ya zagaya bayan talabijin, ya zare wayar intanet ɗin daga bango, ya naɗe ta, ya cusa a cikin rigar sanyinsa, ya hau babur ya tafi. Washegari ya wuni yana ɗaukar fasinja da wayar a ƙirji, yana ba kowa labarin zaluncin. Wata malamar makaranta ta ɗauka kakarsa ta gaske aka kora daga gida, har ta ce za ta haɗa shi da lauya.

Banza dai ya yi, don irin wayar nan ana sayar da ita a kowane kanti, kuma kafin ya dawo da yamma Awino ta sayo wata.

“Obiero, ni shago nake yi,” ta ce. “Idan ban sabunta ba, 'yan Kondele ba za su zo ba. Ka dawo min da wayata, ka kuma daina kallona kamar na kashe maka mutum.”

“Ai kashewar za ki yi, Madam. Kuma a garin nan, ko wanda ba shi da kowa ba a ɗauke shi a ɓoye. Ana taruwa, ana magana, ana cin abinci. Ita ce za a shafe kamar ƙura a kan tebur?”

Nan samari suka samu abin yi. Suka ce to za a yi mata jana'iza. Ranar Juma'a da rana suka zo da fanke da tulun shayi, suka jera benci, wani ya yafa baƙin zanen uwarsa, aka sa hoton tsohuwar ya cika talabijin ɗin gaba. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suna jawabi kamar yadda ake yi a gidan mutuwa, kowa ya fara da bayyana dangantakarsa da mamaciya. Wani ya ce ta taɓa fasa masa kai a gaban budurwarsa, amma ya yafe. Wani ya ce ta rasu ta bar ugali a kan wuta. Masu soya kifi suka leƙo suna riƙe da ciki. Obiero na zaune a kan jar kujerarsa, hannu a harɗe, shayinsa na hucewa a ƙasa.

Da aka gama, Ogweno ya matso ya miƙa masa hannun gem da hannu biyu. A allon an rubuta tambaya, ko a sabunta.

“Yaya, ka san al'ada. Mafi kusa da mamaci shi ke fara zuba ƙasa. Danna.”

Obiero ya dubi tsohuwar. Tana tsaye a allon kamar kullum, tana ɗan jijjiga, tana gyara riƙon muciyarta.

“Ka ga gawa a nan? Ga ta tana numfashi. Ba na binne mai rai.”

“Yaya, zane ne fa.”

“To ka danna mana, tunda zane ne.”

Ogweno ya danna. Wani ɗan layi ya fara cika a hankali, har mai baƙin zanen ya sauke zanen ya ninke. Da allon ya dawo, a kusurwar hagu ta ƙasa wani saurayi ne mai gashi tsaitsaye da takobi biyu, shi ma ba riga. Abin ya soki Obiero sosai, kuma ya ji haushin kansa da ya bari yara suka gani.

Awino ta zare wayar ta nufi na'urar lungu. Kafin ta isa Obiero ya riga ta, ya zauna a bencin yara ya ba na'urar baya.

“Wannan kuma sai dai ki bi ta kaina.”

“Ka tashi, kai ba yaro ba.”

“Ki kira 'yan sanda. Zan faɗa musu ra'ayina a kan hularsu.”

Awino ta tsaya da waya a hannu tana kallonsa. Mace ce da ba ta son ɓata lokaci, kuma ta san na'urar lungu ko an sabunta ta ba za ta daina zafi ba. Ta ce, “Shi ke nan, na bar ta. Amma ka sani, daga yau ba ta cikin gasa, ba ta cikin komai. Ta yara ce.”

Ogweno ya zo ya durƙusa kusa da shi, ya rage murya don kada a ji. “Yaya, kujerarka tana nan. Ka zaɓi wani kawai, ko na ƙarfen ne, ka zo mu gwada yau. Amma in gaya maka gaskiya, ba kakarka kaɗai ce ta yi nauyi ba. Hannunka ma ya fara. Idan ka tashi daga kujerar nan, ba na jin za ka sake samunta.”

Obiero ya san gaskiya ce. Ya daɗe da sani, tun lokacin da yatsunsa suka fara makara da ɗan kaɗan, shi ya sa ma yake jin daɗin mai bugu ɗaya mai nauyi. Ya ɗauki shayinsa ya shanye.

Ranar Asabar shagon ya cika har waje. 'Yan Kondele sun zo da ihunsu da ƙahonsu na roba. Da Obiero ya shigo ya cire hular kwano, wani daga cikin samarin ya ce, “Baba Obiero, ina askin makoki? Mun zaci za ka zo da kai tal.”

“Wa ya mutu?” in ji Obiero. “Ƙauye aka mayar da ita.”

Ya wuce gaba. Jar kujerarsa tana nan a tsakiya, an goge ta, hannun gem a kai. Ogweno na kallonsa, Awino ma ta daina abin da take yi. Ya dafa bayan kujerar, robar da ta lanƙwashe daidai bayansa saboda daɗewa, ya ji kamar ya zauna kawai a wuce wurin. Sai ya ɗauki hannun gem ɗin ya miƙa wa Akoth, mai kitson da ke shagon kusa, wadda ta daɗe tana lallasa samarin nan tana jiran gurbi.

“Zauna, 'yar'uwa. Ki zaɓi wanda kika ga dama. In kin ɗauki mai takobi biyun, ki ce masa ya nemi riga.”

Ya ratsa taron zuwa lungu. Yara suka matsa masa, ya zauna a bencin, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. A bayansa aka busa ƙaho, aka kira sunayen 'yan Nyalenda uku, babu nasa. Ya ji, kuma ya yi masa ciwo, bai juya ba. Ya yagi gefen kwali ya fifita na'urar har ta yarda ta kunnu, sannan ya gangara zuwa kusurwar hagu ta ƙasan allon. Tana nan da doronta da ɓacin ranta, tana gyara riƙon muciya.

“Taka a hankali, Kaka,” ya ce mata. “Ba inda za mu.”