Mai Farar Safa

Fusae ta riƙe bakin yadin, wata mata mai jar hula ta riƙe ɗaya bakin. Kowacce sai sunkuyar da kai take tana cewa, "A'a, ke ɗauka mana," amma babu wadda ta sassauta yatsunta.

Tsohon yadi ne rinin shuni, wanda wanki da shekaru suka mayar da shi lallausa kamar tsohuwar rigar barci. Daga garin Kurume mai rumfar yake kawo shi, kuma ba a ganinsa sai a babban baje kolin bargunan haɗin ƙyalle na Yokohama. Matan da ke wa juna ladabi a jirgin ƙasa, nan gwiwar hannu suke sa wa juna a haƙarƙari, da murmushinsu.

"Ku bari in raba muku," in ji mai rumfar, ya ɗaga almakashi. "Bara ma sai da na raba wasu biyu, har yau ba sa gaisawa."

Aka yi dariya, aka tsaga yadin biyu. Fusae ta rungume rabonta, daga nan idonta ya faɗa kan wani mai zanen igiyar ruwa, sannan wani mai ɗigo-ɗigo. Gaskiyar magana, daɗi take ji. Ta daɗe ba ta tsaya a wuri ba tare da kunnenta yana wani ɗaki ba. Sai da mai rumfar ya miƙo mata leda ta tuna da mijinta.

A gefen zauren akwai bencina da aka jera, inda mata ke ajiye mazajensu tare da jakunkuna kafin su shiga kasuwar yadi. Matan ƙungiyarsu ta ɗinki suna kiran wurin garejin maza. Nan ta zaunar da Shozo, ta ɗora masa jakar abinci a cinya.

"Baban Yayoi, zauna nan. Kada ka motsa, yanzu zan dawo."

"Ke, na ji," ya ce.

Haka yake kiranta tun aurensu: ke. Direban bas ne har ya yi ritaya, mutumin da bai taɓa ɓatan hanya ba a garinsu, yanzu kuwa mantuwa ta kama shi. Yakan tashi da safe ya ɗaura lakataye, ya cusa farar safar hannunsa ta tuƙi a aljihu, ya tambaye ta ina motar take. A kakar da ta wuce ya fice, 'yan sanda suka tsince shi a tsohuwar tashar bas. A ranar, 'yarsu Yayoi ta zauna a gabanta ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: ta riga ta yi magana da wani gidan kula da tsofaffi, in ya sake ɓata ko sau ɗaya ne, can za a kai shi. Da safiyar yau ma sai da ta bugo.

"Mama, wurin nan cunkoso ne. Ki bar shi a gida mana."

"In bar shi da wa? Bargona aka rataye, Yayoi. Karon farko a rayuwata."

"To zan kira ki da rana. Kada ki saki hannunsa."

Ga shi kuwa ta saki.

Fusae ta kutsa cikin mutane tana ba da haƙuri hagu da dama. Ta hango bencin. Jakar abincin tana nan, kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa a ninke a kanta tsaf. Shozo ne babu.

Wani tsoho mai sanƙo a gefe yana gadin ledojin matarsa yana gyangyaɗi.

"Don Allah, maigida, mutumin da ke zaune nan fa?"

"Au, mai lakataye? Ya duba agogo ya ce lokacin aikinsa ya yi. Na ce masa, kai ka ji daɗi, ni nawa aikin ke nan." Ya nuna ledojin da haɓa.

Ta juya ta dubi ƙofa. Aikinsa! A ƙofar zauren bas-bas ne jere suna kwasar mutane zuwa tasha. Ta ɗauki kwat da jaka ta nufi ƙofa, tana tafiyar da ba gudu ba ce amma ta fi tafiya, don mace mai shekarunta ba ta gudu a gaban jama'a. Mai tsaron ƙofa ya saurare ta da ladabi.

"Dattijo mai farar riga da lakataye, da takunkumi a fuska?" Ya dubi zauren, ya dube ta. Rabin dattawan da ke wurin haka suke. "Ki yi haƙuri, uwargida. Ki je teburin cigiya, su yi shela a lasifika."

Ta leƙa waje. Bas ɗaya ta tashi, wata ta shigo. Ta bi tagoginsu da ido har suka yi mata dishi-dishi, ba ta ga kansa mai furfura ba. Ta komo ciki ta tsaya a ƙofar bayan gidan maza, kunya kamar ta kashe ta, tana duban takalman masu fitowa. Ta bi layin rumfunan zare, da na allura da almakashi, da na masu sayar da shayi. Ko'ina mata ne, mata da ledoji, mata da kyamara. Ta ƙetare ɓangaren da aka rataye barguna ba ta ko ɗaga kai ba, illa ta ga masu aikin sa-kai nan da can da farar safa a hannu. Su kaɗai aka yarda su taɓa bargo, su ɗaga kusurwarsa mai kallo ya ga ɗinkin baya.

Wayarta ta yi motsi a jaka. Ba ta duba ba, ta san wace ce.

Lasifika ta yi ƙara, wata murya mai zaƙi ta yi cigiyar wata tsohuwa daga Gunma, ta faɗi sunanta da sunan garinsu, zaure duka ya ji. Fusae ta tsaya cak. In aka kira sunan Kuwabara Shozo haka, matan ƙungiyarsu za su ji, kuma a cikinsu akwai Kinuyo. Abin da kunnen Kinuyo ya ji da hantsi, 'yarta ta ji kafin la'asar, 'yar kuwa ofishinsu ɗaya da Yayoi. In kuma ta yi shiru, wataƙila yanzu haka yana cikin wata bas, a garin da bai sani ba, ba kwat, ba waya. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin yadin da ke hannunta, har ta ji kamar ta jefar da shi. Ba ta jefar ba, wannan ma ya ƙara mata haushi.

Ta shiga layin teburin cigiya. Mutum biyu ne a gabanta. Tana ta harhaɗa maganar da za ta faɗa, sai aka dafa kafaɗarta.

"Fusae! Ke da aka rataye bargonki, me kike a layin 'yan ɓata?"

Kinuyo ce, ledoji a kowane hannu, hularta ta karkace.

"Laima na yar," in ji Fusae.

"Laima? Rana tsaka, ba hadari? To. Wannan kwat ɗin fa? Kada ki ce min yau kin fito da mijin naki! Mu fa mun yanke shawara babu shi, ƙirƙirarsa kika yi don kada mu roƙe ki aikin ƙarshen mako."

"Yana... yana hutawa."

"A gareji, ko? Nawa ma yana can, na bar shi da biskit." Kinuyo ta matso. "Ke, kin je wurin bargonki kuwa? Ba ki ga gata ba! Mu namu sai dai a ɗaga kusurwa a sake. Naki an sa masa wani dattijo na musamman, da farar safarsa, sai bayani yake kamar shi ya haifi bargon. Mutane sun cika wurin. Wa kika sani a sama ne, ba ki gaya mana ba?"

Fusae ta dube ta. Jiya da yamma ta wanke farar safar Shozo, ta shanya ta a kan injin ɗumama ɗaki.

"Laimar fa?" Kinuyo ta ƙwala mata, amma ta riga ta yi nisa. A wannan karon da gudu ta tafi.

Bargon yana ƙarshen layi na uku, shuɗi tun daga sama har ƙasa, amma babu ƙyalle biyu masu shuɗi iri ɗaya. Rigunan aikin Shozo ne, na shekara da shekaru, waɗanda rana da guga suka koɗar kowacce da irin nata. Duk tsawon lokacin da take ɗinkinsa bai taɓa tambayarta me take yi ba. Iyakarsa ya ce, "Ke, kwashe tsummokaran nan in sha shayi."

Yanzu ga shi tsaye a gefensa, a miƙe kamar sanda, farar safa a hannu biyu. Matar da aka ba gadin layin tana rakuɓe a baya da tata safar. Ta ga furfura da lakataye, ta ɗauka wani babba ne daga cikin masu shirya taron.

"A matsa ciki kaɗan, a ba na baya wuri," Shozo yake cewa, da muryar da Fusae ta yi shekaru ba ta ji ba. Matan suka matsa kuwa. Ya miƙa yatsa ya nuna wani ƙyalle, kamar yadda direba ke nuna madubi kafin ya tayar da mota. "Wannan rigar bazara ce, tun zamanin da babu na'urar sanyaya mota. Wannan kuma, ku duba nan, bakin aljihu ne. Biro ya fashe a ciki ranar da aka haifi 'yarmu. An wanke, an wanke, ya ƙi fita." Ya ɗaga kusurwar bargon a hankali. "Ku ga baya. Da hannu ne duka, ba keke. Ku nemo min inda ɗinkin ya karkace."

Matan suka sunkuya suna "kai!" suna ɗaukar hoto. Fusae ta jingina da ƙarfen da aka kewaye wurin da shi. Bai fita ba. Bai hau bas ba. Ba a kira sunansa a lasifika ba. Ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka don daɗi. Ta jira har taron ya rage, ta matso, ta kama hannun rigarsa.

"Baban Yayoi, ka tayar min da hankali. Zo mu tafi."

Ya dubi hannunta, ya ja da baya kaɗan, ya sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, uwargida. Ba a taɓawa sai da safa."

Takunkumin da ke fuskata ne, ta ce a ranta. Wa zai gane wani da rabin fuska? Ta sa yatsa ta janye shi ƙasa, ta ɗaga masa fuskarta duka, ta yi murmushi.

Ya dube ta sosai, da kirki, irin kallon da yake wa fasinjar da ta shigo motar da ba tata ba.

"Kina son bargon?" ya ce.

Ta gyaɗa kai. "Ina so."

"Matata ce ta yi. Fusae sunanta." Ya faɗi sunan a hankali, yana shafa gefen bargon da safa. "Idonta ya fara rauni, amma ba ta yarda a sani. Sai ta juya baya in za ta zura zare, wai don kada in gani." Ya yi 'yar dariya. "Kada ki gaya mata na yabe ta. Kai zai kumbura."

"Ba zan gaya mata ba."

"Ta je sayen yadi. In ta shiga wurin yadi, sai dai haƙuri. Na ce bari in tsaya nan, dole ta biyo ta nan." Ya leƙa bayan Fusae, ya duba layin har ƙarshensa. "Ba ki gan ta ba? 'Yar gajera ce, mai sauri."

Fusae ta rungume kwat ɗinsa da ledar shunin a ƙirji. Ta yi shekara arba'in da wani abu tana jiran ta ji sunanta a bakinsa.

"Bari in taya ka jira," ta ce.

"Kin kyauta." Ya matsa ya ba ta wuri a gefensa.

Wayar ta sake motsi. Wannan karon ta ciro ta.

"Mama! Sai kira nake. Ina Baba? Bai ɓace ba dai?"

"A'a. Bai je ko'ina ba. Yana nan yana jirana."

"Yana jiranki? To ke kina ina?"

Fusae ta dubi 'yar ratar da ke tsakanin kafaɗarta da tasa, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Shozo yana ta ɗaga wuya yana duban fuskokin matan da ke tahowa.

"Ina hanya," ta ce. "Na kusa."