Minti Uku Ranar Asabar

Ƙanena Leunis ya sayi tafkin roba shekaru huɗu da suka wuce, wai saboda jikokinsa. Ba irin wanda ake haƙa wa rami ba ne, a kan ƙasa ake kafa shi da ƙarafa a gefe, sai mutum ya hau tsani sannan ya faɗa ciki. Ga teku nan a bayan ganuwar da ke tare mana ruwansa, tafiyar minti goma a keke, amma matarsa Marleen ta ce ruwan da sanyi, kuma yara na kwaso mata yashi har cikin falo. To, wa ya isa ya yi musu da Marleen a kan falonta?

Gidajenmu a manne suke, a kan filin da Baba ya bar mana. Shingen ganye ne ya raba lambuna da nasa, kuma a tsakiyar shingen akwai wata kafa da Baba ya bari tun muna yara. Ta nan nake wucewa in sha kofi da su, ta nan Leunis ke leƙowa ya ari almakashin yankan reshe ya manta bai mayar ba.

Shekarar farko ƙwayoyin magani yake jefawa a ruwan, idanun jikarsa suka yi ta yin ja. Da rani ya zagayo sai ga shi da wata na'ura mai fitilu. Buhu biyu na gishiri ake juyewa a tafkin, ita kuma ta sarrafa gishirin da wutar lantarki ta fitar da abin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Ina tsaye a kafar shinge ina kallonsa yana farke buhu.

Na ce, "Kai dai Leunis ka cika abin mamaki. Kakanninmu sun ƙare rayuwarsu suna korar ruwan gishiri daga ƙasar nan, kai kuma ka je ka sayo shi a buhu."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya Krina, zo ki lasa ki ji. Miyarki ta jiya ma ta fi shi gishiri."

Na jefe shi da ɓawon dankali, muka rabu ana dariya.

A can ƙarshen lambuna, a kusurwar da ta haɗu da shingen, akwai bishiyar tuffa. Lokacin da teku ya fasa ganuwa Baba yana saurayi, gishiri ya kashe duk wata bishiya da ke gonar kakanmu, har waɗanda ruwa bai tumɓuke ba. Shekara uku ana wahala da ƙasar kafin ta yarda ta karɓi shuka. Wannan tuffar ita ce ta farko da ta kama, a shekarar da aka haife ni. Mun ji labarin nan a teburin cin abinci har muka haddace, ni da Leunis duka. Baba kan ɗebi ƙasa ya ɗora a harshe kafin ya shuka komai, muna yi masa dariya. Da zai rasu bai yi maganar gida ba, ce mini ya yi in kula da bishiyar.

Bara waccan, a watan Yuli, gefen ganyenta ya fara ƙonewa, musamman ta ɓangaren shinge. Bara 'ya'yan suka fito ƙanana, rabinsu suka zube ba su nuna ba. Hankalina ya tashi. Leunis ya shigo ta kafa, ya shafa ɓawon, ya karkata kai kamar likita.

Ya ce, "Tsufa ne, Yaya. Sa'arki ce fa. Ke ma ai gwiwarki ta fara ƙara."

Na ce zan kira masu duba bishiyoyi daga garin Goes.

"Waɗannan? Su zo su tsaya minti biyar su ce ki sare ta. Bari in kawo miki taki."

Ya kawo takin kuwa, baro uku, ya zuba da hannunsa. Ya riƙe mini tsani na yanke rassan da suka bushe. Ranar da babban reshen gabas ya mutu na zauna a kan bokiti na yi kuka, shi kuma ya dafa kafaɗata ya ce Baba ba zai ga laifina ba. Har zuciyata na ji daɗin wannan magana, na ce lallai ina da ɗan'uwa.

Bana a ƙarshen Agusta suka shirya tafiya Sifen ta mako uku, ya ce in riƙe masa tafkin. Ya zaunar da ni ya koya mini aikin kamar 'yar makaranta. Fitila koriya lafiya lau, in ta yi ja gishiri ya yi ƙasa, a ƙara kwano biyu. A tsoma 'yar takardar gwaji a duba launi. Sannan ya nuna mini tukunyar yashin da ke tace ruwan.

Ya ce, "Wannan kuma duk Asabar. Ki kashe inji, ki juya mariƙin nan zuwa dama, ki kunna, ki ƙirga minti uku, ki kashe ki mayar. Dattin ne zai fita. Ki tsaya a wurin fa, kar ki tafi ko'ina."

"Ruwan ina yake zuwa?"

"Ƙasa yake bi ta bututu. Ke dai minti uku."

Na ɗauka magudanar gari yake nufi, ina kuma zai nufa? Shi da safe yake wannan aiki, lokacin ina kasuwa, shi ya sa ban taɓa ganin yana yi ba. Ni sai na mayar da nawa bayan azahar. Asabar ta farko na tsaya da agogo a hannu. Ta biyu ma haka, har ina yaba wa kaina yadda ruwan ya yi garau.

Asabar ta uku na juya mariƙin, na kunna inji, sai na tuna na bar dankali a kan wuta. Na ratsa kafar shinge da sauri. Ina sa ƙafa a lambuna na ji ƙarar ruwa daga can ƙarshe, inda babu famfo. Na bar dankalin na bi ƙarar. A bayan tuffar, ƙarƙashin ganyen da ya lulluɓe kusurwar, ruwa ne ke ɓulɓulowa yana malala a gindinta. Na durƙusa na yaye ganyen. Bakin bututu ne ruwan toka, an binne shi da kyau, har an jera masa tubali biyu don kada ƙasa ta toshe shi.

Na san abin da zan ji, amma sai da na tsoma yatsa na lasa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Injin yana ta aiki, ruwa na jiƙa mini siket, sai can na tuna ni ce na kunna shi, ni ce kuma zan kashe. Na tashi na je na kashe. Dankalin ya ƙone har tukunyar ba ta ƙara moruwa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Asabar biyun da suka wuce, ina tsaye da agogo ina ƙirga wa bishiyar Baba gishiri da hannuna. Sai kuma na tuna duk watan Oktoba, makon da nake zuwa wurin 'yata, a makon ne Leunis ke zubar da ruwan tafkin gaba ɗaya kafin sanyi.

Na ɗebi ruwan a kwalba na ajiye. Ban taɓa masa na'ura ba, ban huda masa roba ba, ko da yake na daɗe ina kallon almakashi. Na ci gaba da duba fitila har suka dawo. A raina ina ta ba shi uzuri: wataƙila mai haɗa bututun ne ya yi, wataƙila bai san inda ya ɓulla ba.

Sun dawo ranar Talata, sun yi baƙi da rana. Marleen ta sayo burodin bolus a hanya, irin mai kirfa da sukari da nake so, ta dafa kofi. Muka zauna a barandarsu. Leunis ya leƙa tafki ya ce na fi shi iya aikin, ya kamata ya ɗauke ni dindindin. Na ciro kwalbar daga aljihun riga, na zuba ruwan a kofin gilashi, da laka-lakarsa, na tura gabansa.

Na ce, "Sha."

Da ya tambaye ni mene ne wannan, wallahi da na yafe masa a wurin. Na jira ya tambaya. Ya kalli kofin, ya kalli can ƙarshen shinge, sannan ya sunkuyar da kai.

Marleen ce ta yi magana. "Na gaya maka za ta gani wata rana."

Na ce, "Ashe har da ke."

"Ni ciyawata kawai na ce kar ya ƙara kashe mini. Shekarar farko a nan ya zuba, duk ta yi ɗorawa. Ban ce ya kai wurinki ba."

Leunis ya ce, "Yaya, magudanar a gaban gida take. Sai an ɗaga duwatsun barandar nan kaf. Can kuma gangare ne, na ce ruwan sama zai wanke. Ɗan gishiri ne fa, ba teku ba."

"Ka ga ya kashe ciyawarka."

"Bishiya ba ciyawa ba ce."

"Ka ga ganyenta na ƙonewa. Ka kawo mini taki, Leunis. Ka hana ni kiran masu dubawa. Ka riƙe mini tsani."

"Na rasa yadda zan gaya miki ne. Kullum sai in ce wannan ne na ƙarshe, zan gyara."

"Sai ka ba ni mariƙin ka tafi hutu."

Na tashi na bar musu kofin da bolus ɗin, na zagaya ta titi na shiga gidana ta ƙofar gaba. Tunda nake ban taɓa bin wannan hanya daga gidansa ba.

Na kira mai duba bishiyoyi daga Goes, ya zo bayan kwana biyu. Ya haƙa, ya auna ƙasar, ya ce saiwoyin ɓangaren shinge sun riga sun mutu, sauran ba za su kai bazara ba. Ya ce da an kira shi bara, da akwai abin yi. An sare ta a watan Nuwamba. Leunis ya fito da zartonsa zai taimaka, na ce ya mayar. Wurin yana nan fili, an ce in jira shekara biyu ko uku kafin in shuka wani abu. Kafar shingen kuma na sa an dasa mata ganye, ya fara haɗewa.

Amma kafin nan, Asabar ɗin da ta biyo bayan dawowarsu, na ji ƙarar shebur da sassafe. Na leƙa ta tagar sama. Leunis ne ke ɗaga duwatsun baranda, yana shimfiɗa sabon bututu zuwa magudanar gaban gida. Na tsaya da agogona, tunda shi ya koya mini ƙirga lokaci. Ya fara da ƙarfe takwas. Kafin sha biyu ya gama, ya mayar da duwatsun, har ya share wurin.