Nafosat Ta Sauya Tuta

Ƙanwata Nafosat kamar ta ci ƙafar kare, tun tana ƙarama ba ta iya zama wuri ɗaya. In Oyi, mahaifiyarmu, ta aike mu sayo burodi a bakin titin unguwarmu ta Chilonzor, kafin mu dawo ta haye katangar makaranta, ta yi lilo a ƙarfen shanya, ta yi alkafura a gaban mai sayar da kankana. Maƙwabta suka gaji suka ce a kai ta wurin masu koyar da wasan alkafura ko kowa ya huta. Dada, mahaifinmu, wanda direban bas ne, ya kai ta ranar hutunsa. Matar da ta karɓe ta, Venera Ilyasovna, ta murza mata ƙafafu, ta lanƙwasa mata baya, ta ce, "Ku bar min ita." Ashe ba da wasa take ba. Daga ranar, ragowar Nafosat muke samu a gida.

Ni ce babbar yayarta, Muhayyo, tela ce ni. Opa take kira na, wato yaya da yarenmu. Duk rigar da ta taɓa shiga gasa da ita a kan kekena aka ɗinka ta, saboda haka na san jikinta fiye da nawa. Na san lokacin da kafaɗunta suka buɗe, na san lokacin da take hana kanta abinci.

A cikin wasanni huɗun da mata ke yi, katako ne nata. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, tsayinsa daga ƙasa ya kai ƙirjin mutum, amma ita a kansa take juyi da alkafura kamar a tsakar ɗaki. Tana da shekara goma sha takwas ta ciyo wa ƙasa lambar azurfa a gasar ƙasashen Asiya. Dada ya manna hotonta a gilashin bas ɗinsa, duk wanda ya shiga sai ya ji tarihi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Tana da ashirin da uku agararta ta tsinke wajen sauka. Aka yi mata aiki, aka kawo mana ita gida da sanduna biyu. Wannan zaman jinya ya fi ciwon wahalar da mu. Daga taga zuwa kicin, daga kicin zuwa baranda, ƙwas ƙwas ƙwas, har mutanen benen ƙasa suka fara buga mana rufi da tsintsiya. Oyi takan ce, "Ke, zauna mana ki sha shayi kamar 'yar mutane!" Sai ta zauna, ta kurɓa sau ɗaya, ta miƙe.

Da ta warke ta koma horo, sai ta tarar an naɗa sabon shugaban masu horar da 'yan wasan ƙasa. Mutumin bai ɓoye mata ba. Ya ce ya gode da abin da ta yi, amma da yara zai tafi, ga su Sevinch 'yar shekara sha shida suna tasowa. In tana so, ta zauna ta riƙa taya su. A daidai lokacin kuma wata ƙaramar ƙasa mai arzikin mai ta ɗauki Venera Ilyasovna aiki. Sun gina zauren wasa, sun sayi kaya, amma ba su da mai hawa. Suka ce ta zo da gogaggiya guda, za su ba ta fasfo.

Ranar Alhamis ta faɗa mana, Dada yana tsaye a kan tukunyar palov, dafa-dukan shinkafa da nama, don shi ke dafawa duk Alhamis.

"Dada, zan bi Venera Ilyasovna."

"Ki bi ta mana. Yau kika fara bin ta?"

"Ba yawo ba. Zan yi musu wasa. Da sunansu."

Ya ajiye ludayin. "Da tutarsu?"

"Tuta ai ƙyalle ce, Dada. Tambayi Opa, ita ke yanka su."

"Kar ki sa ni a ciki," na ce.

"Ƙyalle ce?" in ji shi. "Ranar da aka ɗaga ƙyallen nan saboda ke, ni da ban taɓa kuka a gaban maza ba sai da na yi a tashar bas. Ƙasar nan ta ciyar da ke, ta ɗinke miki ƙafa."

"Ta kuma ce in je in riƙa ɗaukar wa yara jaka."

"To sai me? Kowa da ranarsa. Ni ma wata rana za su karɓi mukullin."

"Kai ka yi shekara talatin kana tuƙi. Ni in na yi sa'a saura min uku. So kake in ƙare su a benci ina tafa wa Sevinch?"

Oyi ta ce, "Ku bari a ci abinci tukuna." Ba wanda ya ci na kirki. Da Nafosat ta tashi tafiya, ni da Oyi muka raka ta filin jirgi. Dada ya ce yana da aikin safe. Da na shiga bas ɗinsa bayan sati guda, na ga gurbin hoton a gilashi, ya cire.

Doka ta ce sai ta yi shekara ba ta shiga gasa ba kafin ta fito da sabuwar tuta. Shekarar nan a waya muka yi ta. Kullum tana tafiya take kira, numfashinta na fita sama-sama.

"Opa, nan fa ba a fita da rana, sai ka narke. Zauren ya fi namu sau goma, amma mu huɗu ne a ciki, kana jin ƙarar numfashinka."

"To ki dawo."

"In dawo in yi me? Opa, burodinsu kamar takarda. Dada ya tambaye ni?"

"Yana lafiya."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

Sai ta kashe, anjima ta sake kira ta ce ta manta ba ta gaida Oyi ba.

Gasar farko da za ta shiga da sabon fasfo, sai Allah ya sa a nan garinmu Tashkent za a yi ta. Ta kira ni ta ce ba wanda zai ɗinka mata riga sai ni, ta turo launukan, ja da baƙi. Na yi kwanaki ina juya yadin kafin in sa almakashi. Dada ya shigo ɗakin ɗinki neman zare zai ɗaura maɓalli, ya ga rigar a rataye, ya daɗe yana kallonta.

"Wuyan ya yi faɗi," ya ce. "Ta rame ne?"

"Ta ɗan rame."

Ya ɗauki zarensa ya fita.

Ranar ƙarshe ta wasan katako, ni da Oyi muka zauna can sama cikin jama'a. Zauren ya cika maƙil, 'yan makaranta da tutoci, ana buga ganga. 'Yan wasa takwas suka rage, Nafosat ce za ta rufe. 'Yar China da 'yar Japan suka yi abin da ba mai kamo su. Sevinch ta hau, siririya kamar kara, ta yi wasa mai tsafta, ta ɗan yi tangaɗi sau ɗaya, ta sauka daram. Allo ya nuna ita ce ta uku. Zauren kamar zai tsage. Lambar tagulla tana hannunmu, in dai ta ƙarshe ba ta ƙwace ba.

Da mai sanarwa ya kira sunan Nafosat ya haɗa da sunan waccan ƙasar, sai aka fara fito. Wani a bayanmu ya daka ihu, "Nawa suka saye ki?" Wani ya ce, "Kaka, sauko kar ki karye!" Aka bushe da dariya. Oyi ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

Nafosat ta shafa farar hoda a tafin hannu da na ƙafa, ta ɗaga wa alƙalai hannu, ta hau. Ni dai ban taɓa iya kallon wasanta gaba ɗaya ba, rabi nake gani ta tsakanin yatsu. Ta yi alkafura biyu a jere da baya, ƙafarta ta dama, mai ɗinkin, ta sauka a gefen katakon. Jikinta ya karkata, hannunta ya kaɗa iska, zauren ya ja numfashi, wasu har sun fara murna. Ta dawo da kanta. Daga nan fiton ya mutu. Ta yi juyin da take yi a tsugune, wanda tun tana yarinya ba mai yin sa kamarta, ta je ƙarshen katako, ta tsaya, ta taho da gudu ta tashi sama, ta wuntsila sau biyu ta dira. Taku ɗaya ta yi baya.

Alƙalai suka daɗe suna ƙus-ƙus. Ita kuwa tana ta kai da kawo a gefen katifa, Venera Ilyasovna na miƙa mata rigar sanyi tana turewa. Da maki ya fito, ta wuce Sevinch da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sevinch ta koma ta huɗu.

Ban taɓa jin shiru irin wannan a cikin dubban mutane ba. Oyi ta miƙe ita kaɗai tana tafi, hawaye na zuba, tana cewa, "'Yata ce! Ni na haife ta, ku yi abin da za ku yi!" Na ja ta ta zauna, ta fizge.

Daga inda muke na hango Nafosat ta nufi Sevinch, wadda ta dunƙule a benci da tawul a ka. Ta dafa ta. Yarinyar ta ɗago ta faɗi wata magana, Nafosat ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Daga baya ta gaya min abin da ta ce: "Barka, Opa. In kin koma a gaida mutanen garinku."

Aka ba ta izinin zuwa gida da la'asar kafin ta koma masaukin 'yan wasa. Matan benenmu da suka saba tarar ta da guɗa, ranar biyu kawai suka leƙo. Oyi ta cika tebur da inabi da somsa, wato gasasshen fulawa mai nama a ciki, Nafosat ta ɗauki somsa ɗaya tana ci a tsaye, tana leƙen taga. Can sai ga Dada da rigar aiki. Ya cire takalmi a hankali, ya wanke hannu, ya zauna.

"An ce kin yi taku wajen sauka."

"Ɗaya ne, Dada."

"Ɗaya ma taku ne. Mu gani."

Ta ciro tagullar daga aljihun wando ta miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya, ya mayar mata.

"Wasu samari biyu suna kallo a waya a cikin bas ɗina," ya ce. "Suka zage ki, zagin da ya taɓa uwarki. Na taka birki a tsakiyar gadar kasuwa na ce su sauka."

"Dada! Za su kai ƙararka."

"Su kai. Kar kuma ki ɗauka na yarda da abin da kika yi. Ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba." Ya tura mata kujera da ƙafa. "Ci abinci, kin zama kamar tsinke."

Ta zauna a bakin kujerar. Ba ta gama cin na biyu ba waya ta yi ƙara, Venera Ilyasovna ce, mota na jira a ƙasa. Ta rungume Oyi, ta sumbaci Dada a ka, ta sauka bene da gudu, ta bar rigar sanyinta a kan kujera.

Ta ƙara shekara biyu tana yi musu wasa. Ta je gasar duniya ta zo ta goma sha ɗaya, sannan gwiwa ta ce ta gaji. Sevinch ta ci zinare a shekarar da ta biyo, yanzu hotonta ne a allunan titi, kuma in sun haɗu da Nafosat gaisuwa ce ta fatar baki. Nafosat tana can tana koyar da yara. Duk bazara takan zo lokacin kankana, ta rantse wannan karon ta dawo ke nan, ta yi kwanaki tana zagaya gidajen haya, sannan mu wayi gari tana haɗa jaka.

Watan jiya ta kira ni. Venera Ilyasovna za ta yi ritaya, sun ce Nafosat ta gaje ta. Wata makarantar wasa a Samarkand, nan ƙasarmu, kuma ta aiko tana neman ta.

"Opa, ke wanne kika gani?"

"Ni tela ce, Nafosat. Ki zaɓa, in ɗinka wa yaranki riguna."

"Samarkand ba su da katifun kirki. Amma jirgin ƙasa ne kawai tsakaninmu. Amma kuma yaran nan na nan, akwai wata, Opa, in kin ga bayanta... Bari dai, zan kira ki."

Ta kira washegari, ta yi min zancen farashin yadi da ciwon bayan Oyi, ba ta tada maganar ba.