Agogon Tsohon Tela

Daga bakin mai wanki Goggo ta ji zancen: wai yayanta, tsohon Tela, ya fara rikicewa. Wai yakan yi alwalar azahar tun rana ba ta kai tsaka ba, ya sha maganin safe sau biyu, ya tare masu wucewa yana tambayar ƙarfe nawa. Wai 'ya'yansa sun gama shawara, za su karɓe makullinsa su mai da shi ɗakin baya, ya daina fita.

Goggo ta koyar a aji har kanta ya yi furfura, ba ta taɓa ganin "wai" ta ci jarrabawa ba. Ta ja mayafinta.

* * *

A falo ta same su, kowa ya sunkuya a kan wayarsa kamar masu leƙen rijiya. Babban ɗan, wanda ake kira Injiniya, ya gaishe ta da rabin ido.

"Goggo, tsufa ne, ba shi da magani. Ba abin da ba mu yi wa Baba ba. Tarkacen nan nasa, rediyo, agogo, tocila, duk mun ba mai sayen tsofaffin ƙarafa, muka sayo masa babbar waya. Komai na ciki."

"Har da hankalin naku?"

Matarsa ta yi dariya, ba ta ɗago ba.

* * *

Da, ɗakin Tela numfashi yake yi: agogon tebur na ƙas-ƙas, rediyo na ƙunƙuni a bakin taga, har barci kan sace baƙo yana tsakar hira. Yanzu shiru, sai hasken la'asar da ya ratso labule, 'yan zaruruwa na iyo a cikinsa a hankali kamar ba su da wurin sauka.

"Auta ce?" ya ce tun ba ta yi sallama ba. "Takunki bai canja ba, sai ka ce mai zuwa dukan ɗalibi."

"Yaya, an ce ka rikice."

"An ce. Zauna ki duba takardata, Malama."

Ta jefa masa tambayoyi, na jiya da na shekarun baya. Ya amsa tsaf, har ya tuna mata rigar da ta ƙona da dutsen guga ta laƙa wa kyanwa. Suka yi dariya, na ɗan lokaci suka koma yara a gidan da aka daɗe da rushewa.

"To, ƙarfe nawa yanzu?"

Ya laluba katifa, ya ɗauko wayar a juye, ya yi ta shafa bayanta.

"Abin nan kamar shafa ruwa ne, Auta. Ba kunne, ba hanci, ba inda yatsa zai tsaya. Agogona kuwa, na cire masa gilashi. In na ɗora yatsa, gajeren hannu ya fara magana, dogon ya ƙarasa. Rediyo na ɗaura masa zare daidai tashata. Mai labarai na yin sallama, na san lokacin magani ya yi."

"Tocilar fa?"

"Ita don idon mutane nake riƙewa."

Goggo ta ɗaga hannu ta kaɗa a gaban fuskarsa. Idanunsa a buɗe suke, suna murmushi, suna kallon wani wuri kusa da kunnenta.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun kafin in rufe shago. Kafar allura ce ta fara gudu ta bar ni." Ya kamo gefen mayafinta. "Kada ki faɗa musu. Wanda ya faɗa, ajiye shi ake yi."

"Ai ga shi ba ka faɗa ba, za a ajiye ka."

Babban yatsansa ya ci gaba da zagaya bayan wayar, a hankali, daga hagu zuwa dama.

* * *

Ta daɗe a tsaye a ƙofar falo tana auna abu biyu, amanarsa da sunansa. Ba wanda ya lura da ita, sai da Injiniya ya yi miƙa.

"Kin gani ko, Goggo? Ki taya mu lallashinsa ya ba da makullin."

Ta jira har fuskokin suka ɗago ɗaya bayan ɗaya.

"Hankalin ubanku kalau yake," ta ce. "Ba ya gani ne. Ya daɗe ba ya gani."