Dutsen Niƙan Lauratu

"Ke Mero, dutse kike koɗawa ko ƙuda kike kora?" in ji Baba Gwadabe daga kan tabarmarsa.

Na ce, "To sarkin ƙorafi, taso ka karɓa mana!"

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ina zai iya tasowa? Tun damina ciwo ya kwantar da shi, ko guduma ba ya iya ɗagawa.

Maƙwabcina ne a Dukawuya, katanga ce kawai tsakaninmu. Sana'arsa duwatsun niƙa. Can Fanisau yake faso su: ya hura wuta a kan falalen dutse, in ya ɗau zafi ya kwara ruwa, ya kafa kurfi, wani ƙarfe mai tsini, a tsagar ya bi shi da guduma, jaki ya kawo gida. Duk yarinyar da aka aurar a lungunmu da dutsensa ta tare, har da ni.

Saura na jikarsa Lauratu. Ya sassaƙa shi tsaf kafin ya kwanta, sai dai bai koɗa ba, wato a bubbuga fuskar da makoɗi, wani dunƙulallen dutse mai tauri, har ta yi kaushin da za ta ci hatsi. Ga biki ya matso. Lauratu ta ce a bari, ai an kawo injin niƙa bakin kasuwa.

"Inji yana bin amarya ɗaki?" in ji shi. "Ba zan tafi in bar ki da dutse mai santsi ba."

Maganar ta tsaya mini a rai, wallahi. Shi ne na kirawo Fanna da Kaltume, tsofaffi irina, muka zauna a tsakar gidansa muna karɓa-karɓa. Shi kuwa ido a rufe, kunne a buɗe.

"Wannan hannun Fanna ne. Sassauta, ba mijinki ba ne!"

"Ka ci sa'a kana kwance," in ji Fanna.

"Kaltume, koma gefen hagu, ba ki ji yana amsawa daban ba?"

Haka muka wuni, ƙura ta mai da mu fari fat, muna dariya har da hawaye. Bayan la'asar ya sa aka turo masa dutsen. Ya shafa da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa.

"Lauratu, kawo gero."

Na ce, "Haba Baba! Niƙan fari ai duk tsakuwa ne, na kaji ne."

"Yau kaji su yi haƙuri. Su suna da gobe."

Ta niƙa, ta dama masa kunu. Ya kurɓa, muka ji ƙuras a bakinsa. Sai fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi. Yana ci."

Washegari da hantsi Lauratu tana niƙa tana 'yar waƙarta, ni ina tsince wake, muna jiran ya ce ta cika sauri. Muka ji shiru. Na leƙa, na yi salati, na ja mayafinsa na rufe masa fuska. Allah ya jiƙansa, na yi kewar bakin nan nasa.

Ranar tarewa maza biyu suka ɗauki dutsen. Lauratu tana biye a lulluɓe, makoɗin kakanta a ƙulle a gefen zanenta, yana bugun gwiwarta.