Awon Ƙafar Khairat

Mudassir ya kutsa cikin kasuwar Mayahi yana ture buhunan wake da kafaɗa, yana ba mutane haƙuri ba tare da ya dubi fuskar kowa ba. A rumfar mai takalma ya tsaya. Ya zura hannu a aljihun gaba ya zaro wani guntun kara, wanda ya yi baƙi ya yi santsi saboda yawan shafawa, ya ɗora shi bisa tabarma.

"Na wagga ƙahwa nika so. Ja, mai ƙyalli, wanda ba ya tsinkewa."

Haka ake sayayya a nan: wanda ba zai iya kawo ƙafa kasuwa ba, sai ya karya kara daidai tsawonta ya taho da shi. Mai takalman ya juya karan, ya tambaya ko awon na bana ne. Mudassir ya yi dariya, ya ce shi da ya haifi ƙafar ai ya fi kowa saninta. Aka gwada, aka sami wasu jajaye masu fure a baki. Ko tayi bai yi ba ya biya, abin da ya sa abokinsa Jatau, da ke riƙe masa moto, wato babur ɗinsa, a bakin rumfa, ya kama baki.

"Kai da ka taya allura, yau kai ne ka saye ba ciniki? Na wa ne?"

"Na yarinyar."

"Wace yarinya? Ba ta da suna?"

Mudassir ya sunkuyar da kai yana murmushi. Jatau ya san amsar, tsokana ce kawai. Khairat 'yar fari ce, kuma a Cake, garinsu Mudassir, mai kunya ba ya kiran sunan ɗan fari. Tun ranar suna bai taɓa furta shi ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban manya ba. Sai in ɗaki ya yi shiru yake ɗora ta a ƙirji, yana hura mata iska a tafin ƙafa tana ƙyalƙyala dariya.

* * *

Karan nan matarsa Asiya ce ta karya shi, ana dab da sallah, ta ce ya sayo wa yarinyar takalma. Kafin kasuwa ta zagayo faɗa ya ɓarke, saki ya kuɓuce daga bakinsa, Asiya ta ja hannun 'yarta ta koma gidansu a Attantane. Damina biyu ke nan. Karan kuwa bai bar aljihunsa ba.

Da suka je kotu, alƙali ya bar yarinyar hannun uwarta, ya ce uban yana da damar ganinta kowace Juma'a. Mudassir ya fito yana ta washe baki, a zatonsa magana ta ƙare. Ashe maganar alƙali a Mayahi take da ƙarfi. Kafin ta kai ƙofar gidan Malam Na Allah, tsohon surukinsa, ta galabaita.

Ba wanda ya taɓa korarsa. Tabarma ake shimfiɗa masa a zaure, a kawo ruwa, har da fura wani lokaci. Ya durƙusa ya gaida Baba, a yi maganar ruwa da gero da farashin harawa. In ya gaji da zagaye ya tambayi yarinyar, sai Inna Fatsuma, kakarta, ta amsa daga bayan danga: ta tafi lakwal, wato makarantar boko. Wata Juma'ar an aike ta rijiya. Wata tana barci. Wata kuma an kai ta wurin gwaggonta. Sau da yawa yana jin muryarta a tsakar gida, tana rigima a kan ƙanzo, amma wane suruki ne zai ɗaga labulen zaure ya ƙaryata uwar da ta haifi matarsa? Sai ya ce a gaishe ta, ya hau moto ya koma da alewarsa a aljihu.

Ya san abin da Inna take tsoro. Yarinyar ta kusa shekara bakwai, lokacin da dangin uba kan ce a ba su ɗiyarsu. In ba ta san shi ba, ai ba za ta yarda ta bi shi ba.

Jatau ya ce abin ba wuya: su tare ta a hanyar lakwal, a ɗora ta a moto, sai Cake. Mudassir ya ce 'yarsa ba akuya ba ce da za a sato. Ya koma wurin alƙali. Alƙalin ya saurare shi, ya ce hanyoyi a buɗe suke: ana iya aika wa Malam Na Allah sammaci, ana iya haɗa shi da jandarma, ko kuma a sa mai gari ya tsaya a kan maganar. Mudassir ya hango Baba da furfurarsa tsaye a gaban kotu, ya hango yarinyar tana ganin kakin jandarma a ƙofar gidansu, sai ya ji ba zai iya ba. Ya zaɓi mai garin Attantane. Jiya saƙo ya iso cewa mai gari ya yi magana da gidan, kuma shi da kansa zai zauna a zauren.

* * *

Ranar Juma'a ya fito cikin shaddarsa ta sallah, ya zuba turare har Jatau ya ce ko biko za shi. Ya cika moto da esansi, ya ɗaure takalman a gabansa inda zai riƙa ganinsu. Gero ya fitar da kai, gonaki kore shar dama da hagu, shi kuwa yana keta yashi yana waƙa da muryar da ko shanu ba za su yaba ba. Ya ɗaga wa makiyaya hannu, ya ɗaga wa mata masu itace, har jakin da ya tare masa hanya sai da ya yi wa sannu. Murna ce fal cikinsa, irin wadda ya manta ɗanɗanonta. Duk hanya yana tsara abin da zai ce mata, yana rushewa, yana sake ginawa.

Ya tarar da mai gari zaune bisa kujera, Malam Na Allah a gefensa yana jan carbi. Aka gaisa, aka daɗe ana gaisawa. Sannan mai gari ya ɗaga murya ya ce a fito da yarinyar, kuma yau ba lakwal, ba rijiya, ba barci. Aka ji Inna Fatsuma tana gunaguni, aka ji ƙarar kwano. Labule ya motsa.

Mudassir ya ɗago kai. Yarinyar da ta fito doguwa ce, haƙoranta biyu na gaba sun faɗi, an yi mata kitso sabo. Shi kuwa wata 'yar guntuwa mai kumatu yake ta ɗauke da ita a rai. Ta durƙusa ta gaida mai gari, ta gaida shi da irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Mudassir ya kwance ledar takalman. Da ta ga jan takalman, idanunta suka yi haske, ta zauna daɓas a gabansa ta miƙo ƙafa.

Yatsun suka shiga, diddigen ya tsaya a waje. Ya tura, ta taya shi turawa tana cije leɓe. Suka gwada ɗayan, shi ma haka. A nan ne tambayar mai takalma ta dawo masa. Kara bai girma ba, amma ƙafar ta yi damina biyu tana tafiya ba da saninsa ba.

"Ba komi," in ji ta, don ta ga fuskarsa ta canza. "Babana na Libiya. Inna ta ce in ya dawo zai kawo mani waɗanda sunka hi waɗanga."

Carbin Malam Na Allah ya tsaya. Mai gari ya dubi labule, labulen bai motsa ba. Mudassir ya dubi zauren. Ga tsohon surukinsa, ga mai gari, ga kunyar da aka rene shi da ita, wadda ta zaunar da shi a zauren nan Juma'a bayan Juma'a. Ya buɗe baki, abin da bai taɓa faɗa ba ya fito.

"Khairat."

Ta ɗago kai da mamaki. "Wa ya hwaɗa maka sunana?"

"Ni na raɗa maki shi."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne irin na manya. Kafin ya ƙara wata kalma, muryar Inna ta ratso danga tana cewa abinci na hucewa. Mai gari ya ce a bar ta haka yau, Juma'a mai zuwa yana nan, kuma kafin ranar a gyara maganar Libiya. Malam Na Allah bai ɗago kai ba.

Khairat ta miƙe, har ta kai labule sai ta dawo da gudu. Ta zare kara daga danga, ta taka shi, ta karya daidai diddigenta, ta sa masa a hannu. Sannan ta shige tana kira.

"Inna, mai takalma ya ce zai dawo!"

Mudassir ya fito ya tsaya gaban motonsa. Ya zaro tsohon karan ya jera shi da sabon a tafin hannu. Sabon ya ɗara tsohon da faɗin yatsu biyu.