Darasin Ranar Laraba

A wata ƙaramar jami'a da ke bakin garin Daura, duk wanda ya san Dakta Kalilu Mati, shugaban sashen Tarihi, to ya san Sabiru. Kalilu ne ya tsinto shi tun yana ɗalibi, ɗan manomi daga Baure mai zuwa aji da silifas ɗinkakke. Shi ya duba masa aikin digiri na biyu, shi ya yi ruwa ya yi tsaki sai da aka ɗauke shi koyarwa. Kullum bayan sallar azahar Hajiya Talatu, matar Kalilu, takan aiko da kwanon abinci ofis, su shimfiɗa tabarma bayan tebur su sa hannu tare. Ko baƙo ya shigo, abin da Kalilu ke cewa ke nan: "Wannan ɗana ne, ni na raine shi."

Ana nan sai jami'a ta buɗe cibiyar horar da malamai, aka ba Dakta Ummukulsum Sada riƙonta. Mace ce mai sanyin magana, ba ta daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Shugabannin sassa ta fara tarawa, ta yi musu bita kan yadda babba zai ɗaga na ƙasa da shi. Ta roƙe su abu ɗaya: su bar wa ƙananan malamai yammacin Laraba, kada a sa musu aji, don lokacin ne za a riƙa horar da su. Wanda ya fi ƙwazo cikin masu halarta, jami'a za ta tura shi karatun digiri na uku. Wanda ya yawaita fashi kuwa a cire sunansa.

Kalilu ya fi kowa gyaɗa kai a wurin nan. Har miƙewa ya yi ya ce shi tun kafin a ƙirƙiro wa abin suna yake yin sa. Da hannunsa ya kai Sabiru cibiyar.

To, daga nan fa aka fara jin "Dakta ta ce."

Dakta ta ce kada malami ya tsaya yana karanto wa ɗalibai littafi, ya bar su su yi gardama. Dakta ta ce binciken nan da na yi kan fataucin shanu ta kan iyakar Kongolam zai shiga mujallar waje in na gyara shi. Ana tsakiyar cin tuwo, loma a hannu, Dakta ta ce. Wannan bincike kuwa Kalilu ne ya zaɓa masa shi, shi ya kai shi gaban tsofaffin dillalai a motarsa, rana tana dukansu. Yanzu wata ta ja layi da jan biro a gefen takarda ta zama mai shi.

Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi. Amma ina Kalilu zai yarda? Mutum da furfura a gemu ya ce yana kishin ɗalibi? Sai ya sa wa abin rawani. Wata rana ya ce wa Sabiru, "Ni abin da ban gane ba, a wannan zamani na Shari'a, namiji ya je ya zauna gaban mace yammaci guda."

Sabiru ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Ai Malam muna da yawa, maza gefe mata gefe, ƙofa a buɗe. Ka zo ka gani mana."

Bai je ba. Ta taga dai ya hango Sabiru ran nan, ya rungumo wa Dakta Ummukulsum kwamfutarta da tulin takardu daga mota, yana tafe yana sauraronta, kai a sunkuye, daidai yadda yake bin Kalilu. Ranar ko rabin kwano Kalilu bai ci ba.

Da sabon zango ya zo, tsara lokutan darasi yana hannun shugaban sashe. Kalilu ya ɗauki babban ajin 'yan shekarar farko, wanda ba mai iya riƙe shi sai Sabiru, ya dasa shi ranar Laraba bayan la'asar. Ya ce wa kansa ɗakin karatu ne ya yi ƙaranci, kuma har ya kusa yarda.

Sabiru ya zo ya durƙusa. "Malam, an sa mini aji lokacin horo."

"Na gani. Babu ɗaki ne. Kuma ɗalibai su ne gaba da komai, ko Daktar taku ba ta faɗa muku haka ba?"

Sabiru ya ɗago ya dube shi, ya mai da kai ƙasa. "To, Malam."

Ya koma ya riƙe ajinsa, bai taɓa makara ba. Laraba ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. "Dakta ta ce" ta ragu, har ta ɓace daga bakin kwano. Kalilu ya ji sanyi a ransa, kunya dai ba ta hana shi jin daɗin ba.

Dakta Ummukulsum da kanta ta tako ofishinsa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ƙi zama.

"Malam, kan maganar Sabiru na zo. Shi ne gaba a cikinsu, da nisa ma. Amma doka ta kusa hawa kansa, kuma ba ni da ikon ɗaga ta saboda mutum ɗaya. Na ce ya kai kuka wurin shugaban tsangaya, ya ce shi ba zai kai ƙarar malaminsa ba."

"Babu ɗaki, Dakta."

"Babban ɗakin nan babu kowa a cikinsa kowace Alhamis da safe. Na bincika kafin in zo."

Nan fa ƙofa ta buɗe masa, faffaɗa. Kalma ɗaya ce, ya ce to a mayar da ajin can. Amma jin yadda ta ce "Sabiru" kamar nata, da yadda ta san abin da yaron ya faɗa wanda shi bai sani ba, sai ya kau da kai.

"Sashena ne," ya ce. "Na san abin da ya dace da yarana."

Ta dube shi ta ce, "Allah ya ba mu alheri," ta fita.

Ƙarshen zango aka sanar da wanda za a tura. Wani Hussaini ne daga sashen Larabci, yaron kirki, amma kowa ya san kujerar wani ya hau. Malaman sashen Tarihi suka yi ta shigowa suna jajanta wa Kalilu, wai an zalunci ɗansa. Yana amsawa, yana kallon tebur.

Ya sa a ransa zai gyara. Baɗi ma shekara ce, zai sake wa yaron Laraba, zai ma rubuta masa shaidar da ba a taɓa rubuta wa kowa ba. Da safe kafin ya fito ya ce wa Hajiya Talatu ta yi dambun zogale da man shanu, abin da Sabiru ya fi so, ta cika kwanon.

Bayan azahar Sabiru ya shigo kamar kullum. Ya gaishe shi har ƙasa. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa, ya ajiye kwano a tsakiya, ya kawo ruwan wanke hannu. Sannan ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

"Bismillah mana," in ji Kalilu. "Dambunka ne."

"Alhamdu lillahi, Malam. Na ƙoshi."

"Me ka ci? Tun safe kana aji."

Sabiru ya sunkuyar da kai. A hankali ya ce, "Ran nan na bi ta babban ɗaki, Alhamis da safe. Ni kaɗai na zauna a ciki har aka yi azahar." Babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. "In akwai aiken da zan yi, Malam, ina ofishinmu."

"Sabiru."

"Na'am, Malam."

Kalilu ya buɗe baki. Mutumin da ke tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai ya yi ta zuba ba takarda, yau ya nemi kalma ɗaya ya rasa. Sabiru ya jira shi, ya jira daidai gwargwadon ladabi, sannan ya ja ƙofa a hankali.

Kalilu ya buɗe kwanon. Hajiya ta cika shi har baki, na mutum biyu, man shanu yana ta ƙamshi. Ya ci ta gefensa kamar yadda ya saba, ya bar ɗaya gefen. Da aka kira la'asar ya mai da murfin ya rufe.